Na gwada garin burodin panko a suyar farin kifi, ga abin da na gani

Gaskiya na daɗe ina fama da suyar kifi mai ɓawo, in soya yayi kyau a ido amma kafin a zuba a faranti ya saki ya zama lugub, mai duk ya jiƙe shi. Shi yasa na sayi ledar panko ɗaya, wancan garin burodin na mutanen Japan, yanzu sau huɗu kenan ina suya dashi kuma ina ganin ya isa in faɗi ra'ayina.

Da ka buɗe ledar zaka ga bambanci, shi ba gari bane lukui irin wanda muka saba, ɓarɓashi ne fari tas manya manya mara nauyi, in ka damƙa a hannu kaji yana ƙaras ƙaras. Burodin da ake yinsa dashi bashi da ɓawo, wutar lantarki ake ratsawa cikin kwaɓin ya gasu, shi yasa babu jan nan a jikinsa, kuma saboda iskar dake cikinsa baya shan mai sosai.

Suyar farko bata min daɗi ba sam. Kifin daga firiza na ciro, ya narke amma da sauran ruwa a jikinsa, ina sashi a mai ɓawon ya fara rabuwa da tsokar kamar riga, rabi ya zauna a gindin kasko ya ƙone. Raina ya ɓaci wallahi don kifi ne mai kyau, tsoka zalla babu ƙaya. A karo na biyu ne na gane ruwan nan shine matsalar, tururinsa ke ture ɓawon daga ciki, sai na tsane kowane yanki da tishu har saida ya daina jiƙa shi, na barbaɗa gishiri da masoro a kan kifin kansa tunda panko ɗin salam yake, sannan fulawa a kakkaɓe, ƙwai, sai panko a danna shi da tafin hannu sosai don in ba'a danna ba zubewa yake. Hannu ɗaya na busassun kaya ɗaya na ƙwai, in ba haka ba yatsunka ne zasu kwashe garin. Na sa a firij kamar minti 15 kafin suya.

Kai, ranar naji daɗi. Ana gutsura kana jin ƙararsa daga nesa, ciki kuma fari sol yana rabewa sala sala da ɗan ruwansa. Na gwada da karfasa na gwada da kod, wani farin kifin teku, duka sunyi, sai dai kod ɗin yafi kauri yafi riƙe danshi.

Inda yake da rigima shine wuta. Panko baya jira, yana saurin yin ja, in man ya wuce kima waje zai ƙone ciki bai dahu ba, in kuma bai yi zafi ba sai ya sha mai duk da haka. Dole na koma amfani da ma'aunin zafi, digiri 175 zuwa 180 shine daidai, yanki mai kaurin santimita 2 minti 3 ko 4 kowane gefe ya ishe shi, tsakiyar kifin ta kai digiri 63. Kuma dan Allah kar a cika kasko, biyu biyu nake sawa, sannan a riƙa tsame ɓarɓashin da ya zube da matsami kafin a sa na gaba don shine ke baƙanta mai ya kawo ɗaci. In an kwashe a ɗora kan ragar waya, a kan tishu ƙasan yana yin gumi ya yi laushi.

Abu ɗaya da ban so ba shine ledar da nawa yazo ciki bata da zif, na barta a naɗe sati ɗaya garin ya sha iska ya rage ƙarfi, saida na ɗan gasa shi a busasshen kasko ya dawo. Yanzu cikin kwalba mai murfi nake juye shi. Zan sake saya, kuma babbar leda zan ɗauko wannan karon.