Gargaɗi kan bidiyon gyaran tsakar gida da ke yawo

Jama'a don Allah ku yi hattara da hotuna da bidiyon gyaran tsakar gida da baranda ɗin nan da suka cika Facebook da TikTok da Pinterest, waɗanda ake rubuta wai gyara da kanka cikin yini ɗaya ba sai ka kira magini ba. Da yawansu ba koyarwa ce ta kawo su ba, so suke ka danna linki, kana shiga talla ta rufe ka ta ko'ina su kuma a biya su, wani ma shagon bogi zai kai ka na fitilu da kujeru, a ce sa lambar katinka, kuɗi su tafi kaya shiru.

Hoton ma ka zuba masa ido da kyau, sau da yawa na AI ne, wato kwamfuta ce ta ƙirƙire shi, ƙafar kujera ta nutse cikin daɓe, inuwa ta faɗi inda bai kamata ba, fitilu a rataye ba waya. Sa shi a Google Lens, manhajar Google ta binciken hoto, in ka ga hoto ɗaya a shafuka barkatai kowa na cewa gidansa ne, ka gane.

Amma wallahi abin da ya fi damuna wanda zai ji wa mutum ciwo ne. Za a nuna an kwaɓa siminti an zuba, sai a yanke bidiyon ka ga har an jera kujeru, alhali siminti sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa sosai, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko in ba haka ba ya tsage. Katakon palet, wanda ake ɗora kaya a kai wajen jigila, da suke haɗa kujera da shi, in an buga masa hatimin MB to hayaƙin maganin ƙwari mai guba aka yi masa, mai HT ne aka gasa da zafi kawai. Sai wurin hura wuta da suke kewayewa da duwatsun rafi, dutsen da ya sha ruwa in ya ji wuta yana iya fashewa ya watso wa mutum a fuska, ga yara na zaune kusa, kuma ba mai faɗa maka wannan a bidiyon sakan talatin.

In ka ga an ce rubuta EH a kwament in turo maka bayani, wuce abinka, yawan kwament suke tarawa. Mai koyarwa da gaske zai faɗi kayan da ya sa da awonsu, ya nuna wurin bayan ruwa da rana sun dake shi. Wanda bai nuna haka ba kar ka sa masa kati, kar kuma ka tura wa 'yan uwa a guruf.