Stardew Valley a waya: noman ya yi sauƙi, mutanen garin ne suka riƙe ni

Idan kana neman wasan da za ka buga a waya ba data, ba talla, ba mai tare ka a tsakiyar hanya ya ce sai ka ƙara kuɗi, Stardew Valley ya ci kuɗinsa. Sau ɗaya ake biya, kusan dala 5, shi ke nan. A nan Birnin Kebbi mu uku na sani muna bugawa, ni da ƙanwata da wani abokina ɗan Argungu, kuma har yau bakinmu bai zo ɗaya a kansa ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙirƙire shi, wani Ba'amurke mai suna Eric Barone. Shi ya yi zanen, shi ya yi kiɗan, shi ya rubuta labarin, ya shafe sama da shekara huɗu yana aikin shi kaɗai. Ya fito a kwamfuta a Fabrairun 2016, ya iso Android a Maris 2019, kuma zuwa ƙarshen 2024 an sayar da sama da kwafi miliyan 41. Har yanzu yana ƙara masa sababbin abubuwa kyauta.

Labarin ba wuya. Aikin ofis a kamfanin Joja ya ishe ka, sai ka buɗe wasiƙar da kakanka ya bar maka, ka tarar ya ba ka gadon gona kusa da wani ɗan ƙaramin gari, Pelican Town. Gonar ta zama saura, duk ciyawa da duwatsu da kututture. Da kuɗi 500 za ka fara, da iri 15 na wani abu mai kama da karas, sai fartanya, gatari, diga, lauje da butar ban ruwa. Gari yana waye maka da ƙarfe shida, idan kuma biyun dare ta same ka a waje faɗuwa za ka yi. Yinin duka bai wuce minti goma sha huɗu ba a agogonmu. Shekara tana da yanayi huɗu irin na ƙasashen Turawa, kowanne kwana 28, kuma yawancin shuka tana bushewa da zarar yanayin ya juya.

A nan daɗin yake. Kullum aikin ya fi ƙarfinka. Kana so ka kai butarka wurin maƙeri ya inganta ta, amma zai riƙe ta kwana biyu, to wa zai ba shukar ruwa? Sai ka kunna talabijin da safe ka ji ko gobe za a yi ruwa, ka ba shukar ruwan yau, ka ruga da butar maƙera kafin ya rufe. Ka je sayen iri ka tarar Laraba ce, Pierre ba ya buɗe shago. Irin wannan lissafin ne ke sa mutum ya ce bari in ƙara kwana ɗaya kawai, sai ya ga cajin waya ya yi ja.

Abokina ɗan gidan manoman shinkafa ne, a fadama ya tashi. Da ya ga an shuka shinkafa a gefen ruwa ta nuna cikin kwana shida, kai ya girgiza ya ce, "Malam, wanga noman 'yan gata na." Ƙorafinsa shi ne babu asara. Babu ambaliya irin ta 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi, babu tsuntsayen jan-baki da ke sauka su share gona, sai hankaka da ke tsinke 'yan tsiro kaɗan, ita ma ka kafa mutum-mutumi ka huta. Ba kuɗin man injin ban ruwa. Dabba ko ka manta ba ka ba ta ciyawa ba, fushi kawai za ta yi, ba ta mutuwa. Abin da ya fi damunsa shi ne farashi. Ko buhu nawa ka zuba a kasuwa kuɗin bai motsawa, alhali duk wanda ya taɓa kai shinkafa kasuwa lokacin kaka ya san yadda take faɗuwa.

A kan farashi ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Da zarar ka sa na'urorin fesa ruwa a shekara ta biyu, kuɗi sai su yi ta shigowa, kuma wannan fargabar ta farkon wasa ta tafi. Amma maganar ambaliya ban yarda ba. Wanda ya dawo gida da dare a gajiye ba ya buƙatar waya ta sake nuna masa ruwa ya cinye gona. Ya gani da idonsa.

Ni mutanen garin ne suka riƙe ni. Akwai Linus, dattijon da ke zaune a tanti bayan gari. Wani dare za ka same shi yana tonon bola yana neman abinci, mai gidan abinci Gus ya kama shi, maimakon ya kunyata shi sai ya ce in yunwa ta kama shi ya zo ya tambaya. Akwai Kent, sojan da ke dawowa daga yaƙi a shekara ta biyu, wanda ƙarar gugguru a kicin ta isa ta firgita shi. Akwai Penny, mai koyar da yara, tana zaune a ɗan akurkin gida da mahaifiyar da shan giya ya ci ƙarfinta. Zanen 'yan ɗigo-ɗigo ne irin na tsofaffin wasanni, amma wallahi na ajiye waya na yi shiru bayan wasu daga cikin waɗannan. Sai dai bayan shekara biyu maganganunsu na yau da kullum sun fara maimaituwa, kuma idan ka yi aure a ciki, 'ya'yan ba sa wuce shekarun tatata.

Kamun kifi kuwa a nan ƙanwata ta kusa goge wasan. Kifin yana hawa yana sauka, kai kuma kana danna allo don ka riƙe shi cikin wani koren layi, da farko layin ɗan mitsitsi ne. "Yaya, wannan ba kamun kifi ba ne, azaba ce," in ji ta. Da ta daure, layin ya yi ta tsawo yayin da take ƙwarewa, yanzu ita muke tambaya inda ake samun kowane kifi da lokacinsa. Ɗan Argungu shi ma nan ya sassauto, musamman gasar kamun kifi da ake yi a kan ƙanƙara ranar 8 ga hunturu, ko da yake ya ce fatsa ba za ta taɓa kai shiga kogin Matan Fada na Argungu da gora da koma ba.

Faɗa da dodanni a ramin ma'adinai mai hawa 120 bai burge ni ba. Sara ne da takobi, ka ja baya, ka sake sara, kuma a allon waya hannu yana yawan kuskure.

Babu Hausa a wasan, babu Larabci, kuma ba ya yi maka bayani sosai. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai iya noman, amma labaran da na ambata za su wuce shi.

Iyaye kuma su san wannan kafin su miƙa wa yaro. Akwai mashaya a garin, akwai gidan caca a hamada, ana kiwon alade, giya tana cikin abubuwan da suka fi kawo kuɗi, kuma wasan yana barin namiji ya auri namiji. Babu wanda aka tilasta maka a ciki. Ni da kaji da shanu da awaki na tsaya, da cuku da zuma da ruwan kayan lambu, gonata kuma ta tsaya da ƙafarta, sai dai arzikin ya zo a hankali. Babba zai iya kaucewa da kansa. Yaro ƙarami kuwa, a zauna tare da shi.