Yadda Shukar Kuɓewa Ta Kusa Kai Ni Kotu a Bajiniya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zaman haya a Amurka kafin Allah ya hore mini ɗan gida a arewacin jihar Bajiniya, ba nisa da birnin Washinton, wanda har yanzu ina biyan kuɗinsa wata-wata. Abin da ya ja hankalina a gidan shi ne filin da ke bayansa, wanda ya gangara zuwa wani ɗan rafi da ba ya ƙafewa rani da damina. Ranar da na fara ganinsa na tsaya na daɗe, domin ya tuna mini fadamarmu ta gefen kogin Challawa, kuma nan take na soma lissafin inda zan yi fangali na zuba kuɓewa da yakuwa da alayyahu. Duk wanda ya taɓa shiga kantin kayan abincin Afirka a ƙasar nan ya ga kuɗin da ake sa wa busasshiyar kuɓewa a 'yar leda, wadda ba a san shekarar da aka shanya ta ba, zai fahimci dalilina.

Tsakanin ciyawar bayan gida da ruwan akwai sarƙaƙiya, ƙananan itatuwa da kurangar da ta nannaɗe su, abin da a gida ba za a kira shi da komai ba sai jeji, maɓoyar macizai da sauro. Da sanyi ya wuce, a watan Afrilu na 2024, na ari zarton inji, na sayi adda, na yi Asabar biyu ina aiki. Na kayar da ƙananan itatuwa bakwai, na share ƙasa fes har bakin ruwa, na tara reshe gefe guda. Uwargida ta leƙo ta ce, “Maigida, sannu da aiki, yau dai wurin ya zama wuri.” Ni ma haka na gani, har na ɗauki hoto na aika wa yayana a gida.

Bayan kwana tara wata mata ta ƙwanƙwasa ƙofa, sanye da takalmin shiga ruwa, riƙe da allon rubutu da tef ɗin awo. Ta gabatar da kanta a matsayin ma'aikaciyar ƙaramar hukuma, ta ce an shigar da ƙorafi, ta nemi izinin duba bayan gida. Ta sauka har gaɓar rafin, ta kafa ɗan ƙarfe, ta jawo tef tana hawowa, ni kuwa ina biye da ita kamar yaron da aka kama da satar mangwaro. Ta wuce wurin da na share, ta wuce inda na tara reshe, ta ratsa ciyawa, ba ta tsaya ba sai dab da matakalar baranda, inda ta soka wata 'yar tuta ta ce nan ne ƙafa 100. Ƙafa 100, jama'a, tsawon fuloti guda ke nan cur a awon da muka saba. Ta bayyana mini cewa daga tutar nan zuwa ruwa, filin nawa ne a takarda, ni nake biyan harajinsa, amma ba ni da ikon sare ko reshe, ko kafa rumfa, ko zuba ƙasa, sai da rubutaccen izini. Sannan ta durƙusa tana ƙirga kututture ɗaya bayan ɗaya, tana auna kaurin kowanne, tana ɗaukar hoto, yarana suna kallo ta taga, maƙwabta suna kallo ta katanga. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba tun da na zo ƙasar.

Na ce mata ni gyara na yi, domin wurin ya yi datti. Ta yi murmushi ta ce abin da nake kira datti shi ne abin da doka take karewa.

Dokar kuwa ba sabuwa ba ce. Duk wani rafi na yankinmu yana zuba ne a kogin Potomac, shi kuma ya kai ruwansa mashigin tekun Chesapeake, wanda ke karɓar ruwan jihohi shida da birnin Washinton, daga ƙasa mai faɗin murabba'in mil 64,000. Shekaru da dama da suka wuce mashigin ya soma mutuwa. Takin zamani na gonaki da na ciyawar ƙofar gida, da kashin dabbobi, da lakar da ruwan sama ke wankowa daga wuraren gini, duk suka riƙa taruwa a cikinsa. Gansakuka ta yi yawa, idan ta ruɓe sai ta shanye iskar da ke cikin ruwa, kifi da ƙaguwa da kawa su rasa abin shaƙa. A 1983 jihohin da abin ya fi shafa suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin tarayya, Merilan ta yi dokarta a 1984, Bajiniya ta bi baya a 1988, ta ɗora wa ƙananan hukumomin gabashinta alhakin shata iyakar ƙafa 100 a gefen duk ruwan da ba ya ƙafewa da dausayin da ke haɗe da shi. Hikimar ita ce saiwoyi suna riƙe gaɓa kada ta zabtare, ruɓaɓɓen ganye da ƙananan tsirrai suna rage gudun ruwan sama har laka ta kwanta kafin ta isa rafi, itatuwa suna zuƙe ragowar taki, inuwarsu kuma tana hana ruwa ɗumama. Ƙa'idar jihar ta ɗauka cewa irin wannan jejin yana tare kashi 75 cikin ɗari na laka da kashi 40 na sinadaran taki. Wato sarƙaƙiyar da na yi gumi na share, rariya ce.

Wani abokin aikina ya so ya kwantar mini da hankali, ya ce ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2023 wanda ya rage ikon gwamnatin tarayya a kan dausayi. Gaskiya ne an yi hakan, amma bai amfane ni da komai ba, domin wadda ta kama ni dokar jiha ce da ta ƙaramar hukuma, kuma su ba a taɓa su ba. A nan kowace jiha da nata awon. Merilan tana sa ido a kan duk abin da ake yi cikin ƙafa 1,000 daga ruwan da igiyar teku ke shiga, tana kuma hana taɓa ƙafa 100 na farko. Jojiya ta tsaya a ƙafa 25, sai rafukan da ke da wani kifi mai son ruwan sanyi, su ne ƙafa 50. Minesota, jihar manoma, ta yi tata a 2015, ta ce a bar ƙafa 50 a gefen koguna da tafkuna, da ƙafa 16 da rabi a gefen magudanan gwamnati.

Takarda ta biyo baya ta gidan waya. A ciki aka tuna mini cewa dokar jiha ta yarda kotu ta ci tarar da za ta kai dala 5,000 a kan kowace rana da laifin ya ci gaba, sai dai idan na mayar da wurin yadda yake. Na karanta wannan layin sau uku, na lissafa shi da naira, na ajiye takardar na yi alwala. Mayarwar kuma ba wai a soka kowane ice ba ne. Sai da na kai zane, aka duba, aka dawo mini da shi don gyara, aka ce a kowane murabba'in ƙafa 400 sai babbar bishiya ɗaya, matsakaita biyu, ƙananan tsirrai uku, kuma duka 'yan asalin yankin. Na tambaya ko zan iya saka zogale, aka ce ba ya cikin jeri, kuma ko yana ciki sanyi zai kashe shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba dokar ba ce, maƙwabci ne. Asabar biyu ina aiki da inji mai ƙara, kowa yana ji, kowa yana gani, muna ɗaga wa juna hannu da safe, amma aka rasa wanda zai tako ya ce bawan Allah dakata, wannan zai jawo maka magana. Sai da na gama sannan wani ya buga waya a ɓoye. A garinmu ko maƙiyinka ne zai aiko dattijo ya ja kunnenka kafin magana ta kai gaban mai unguwa. A nan hukuma ce ta maye gurbin dattijo, kuma har yau ban san wanda ya yi ba, shi ya sa nake gaishe da kowa da ɗan sanyin jiki. Akwai kuma wani abin haushi. Tsofaffin gidajen da aka gina kafin dokar, ciyawarsu a aske take har bakin ruwa, ba mai ce musu uffan, kuma masu manyan gine-gine da ke da lauyoyi da injiniyoyi suna da hanyar neman sassauci wadda irina bai san ƙofarta ba. Wajen sayen gida na sa hannu a takardu masu kaurin bulo, kuma da na koma na duba, lallai maganar tana ciki, a ƙananan haruffa, a shafin da ba wanda ya ce in tsaya in karanta.

Duk da haka, dole in faɗi abin da na gani. Matar nan ba ta nemi na goro ba, ban kuma ga fuskar da zan miƙa ba. Ruwan sanyi ma da uwargida ta kawo, godiya ta yi ta ce tana da nata. Ta nuna mini taswira a intanet inda kowa zai rubuta adireshinsa ya ga inda iyakar ta ratsa filinsa, kyauta, cikin minti ɗaya. Ta gaya mini cewa da na tambaya tun farko, da an yarda in buɗe 'yar hanya zuwa ruwa, in cire mataccen ice, in kuma tumɓuke kurangar da ba 'yar ƙasa ba, wadda ita ma suna yaƙi da ita. Ta haɗa ni da ofishin kula da ƙasa da ruwa na yankin, inda ake sayar da dashe da araha lokacin bazara. Manoma kuwa akwai shirin gwamnati da ke biyan su haya ta shekara 10 zuwa 15 idan suka bar bakin rafi ya koma jeji, saboda an san ba a raba mutum da gefen gonarsa da wa'azi kawai. Ba wai jihohin yankin Chesapeake sun gama komai ba ne, domin burin da suka sa wa kansu na dasa mil 900 na bakin ruwa kowace shekara sun sha gaza cika shi, amma suna ƙirgawa, suna kuma faɗin gazawar a fili.

Ranar da nake durƙushe cikin laka ina dasa icen da ban san sunansa da Hausa ba, tunanina gida ya tafi. Ina yaro, tsakanin gonarmu da kogi akwai ɗinya da kanya da wata tsohuwar tsamiya da masunta ke rataya koma a jikinta, kuma mahaifinmu ba ya bari a kai garma kusa da su. Manya suna ba da labarin malamin daji, wanda ko gatari ya gani a kafaɗarka sai ka yi bayani. Zuwana na ƙarshe ban tarar da ko ɗaya ba. Masu gawayi sun gama da itatuwan, tifofi suna shiga har tsakiyar kogi suna kwasar yashi, gaɓa tana ruftawa kowace damina, kunya biyu yau, kunya uku gobe, har gonar da muka gada ta rage kusan rabi. A birni kuwa mun cike kududdufai mun yanka fulotai, mun kafa harsashi a kan hanyar ruwa, mun mayar da rafin Jakara na Kano abin da kowa ya sani, sannan idan ambaliya ta zo, kamar ta Jigawa a 2022, mu ce ƙaddara ce mu jira buhun shinkafa da katifa. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta riƙe gatari ba. Kuma kada wani ya ce ba mu da doka, domin tun 2009 Najeriya take da ƙa'idojin kare dausayi da bakin koguna da tafkuna. Abin da ban taɓa gani ba shi ne mutum mai tef a hannu yana auna gaɓa, wanda idan ya ce a tsaya za a tsaya, ko da gidan na wane da wane ne. Ni kaina da nake wannan faɗa, da hannuna na yi abin da nake zargin masu gawayi da shi, bambancin kawai ni an samu mai ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Na kira yayana na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “To kai ƙanena, ka sayi gida ne ko ka sayi gadin jeji?” Na ce, “Yaya, Allah ya ja kwana, da an yi mana irin wannan gadin, da tsamiyar Baba tana nan.” Ya yi shiru, sannan ya ce idan da gaske nake in aiko kuɗin dashe da na waya, domin awaki ba za su bar komai ba. Na ce a nan ma haka ne, sai dai barewa ce a madadin akuya. A daren farko ta cinye mini tsirrai huɗu, sai da na sayo bututun roba na zura wa kowane dashe har tsayin ƙirji.

Ma'aikaciyar ta dawo bayan shekara ta ƙirga, ta tarar biyu sun mutu, ta ce in maye gurbinsu kafin ta rufe fayil. Na maye. Kuɓewar kuwa tana cikin bokitai shida a kan baranda, taku uku daga inda aka soka tutar, kuma bana mun yi miya da ita sau huɗu.