Anketi wurin matan 'yan biɗa: wace hanya za ka zaɓa in kuɗin ba yawa?

Wata ƙanwata da ke aiki da wata 'yar ƙaramar ONG nan Tawa ta tambaye ni wace hanya za su bi su ji damuwar matan da mazansu suka tahi biɗa Abijan ko Libiya, ga kuɗin aikin ba su taka kara sun karya ba. Ga yadda na baje mata su.

Wadda kowa ke rugawa gare ta ita ce fokus gurup, a tara mutum 6 zuwa 10 a inuwa a yi ta hira. Tana da arha, yini guda kun gama ƙauye. Amma fa ni ta taɓa ba ni kunya a wani ƙauye wajen Illela, uwar miji na zaune bisa tabarma, surukarta na bayanta ta rufe baki da mayafi, duk abin da tsohuwa ta ce sai dai "haka ne, Inna", har muka tashi ban samu komi ba. Sai bakin rijiya yarinyar ta biyo ni ta ce wata 8 ke nan ko dala mijinta bai aiko ba. In dai fokus gurup za ku yi to ku raba, tsofaffi daban matasa daban, ko ku iske su inda suka saba haɗuwa, kamar taron asusu irin na Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maradi a 1991. Samari kuwa fada, bakin shayi.

Hira mutum da mutum ita ce mai tsada, ba don kayan aiki ba, wayarka ma ta isa ɗaukar murya, lokaci take ci. Maganar awa 1 sai ta cinye maka awa 5 wajen rubutawa, ban da juyawa Faransanci. Sai dai zancen bashi, saki ko duka ba ya fitowa sai ta nan. Masu bincike na LASDEL, wata cibiyar binciken zamantakewa a Yamai, da irin wannan hira da daɗewa cikin mutane suka yi suna.

Akwai ta hoto, a ba mata waya su ɗauko rayuwarsu sannan su yi bayani da bakinsu, da matan karkara na Yunan a Sin aka fara ta. Tana da daɗi amma caji, izinin dangin miji, da wanda bai son a ɗauke shi, kai, ba ta sabon shiga ba ce.

MARP kuwa, wato binciken da mutanen gari ke yi da kansu tare da ku, kusan kyauta, a zana taswirar gari a ƙasa da tsakuwa da kara, wadda ba ta yi lakwal ba ma sai ta gyara maka inda rijiya take.

Abin da na fi ja mata kunne a kai shi ne kuɗin komawa. Rahoton Faransanci ba ya komawa ƙauye, shi ya sa mutane ke cewa kun zo kun kwashi magana kun ɓace. Tun wurin kasafi a ware na man mota, a koma a faɗa musu abin da aka gano da Hausa, ko Tamashek in wajen Abalak ne, su ce nan daidai nan kun yi kuskure. Rediyon gari da vokal na WhatsApp na taimakawa amma ban da sunan kowa.

Na ce mata ta fara da MARP yini guda, ta bi da hira da mata kamar 12 a ɗakunansu, fokus gurup ta aje shi sai ranar komawa.