Tafiya Harbin a Lokacin Hunturu: Wace Hanyar Jirgi Ce Ta Fi Dacewa?

Birnin Harbin shi ne fadar mulkin lardin Heilongjiang da ke kusurwar arewa maso gabashin ƙasar Sin, lardin da ya yi iyaka da Rasha, kuma yana zaune ne a gaɓar kogin Songhua, wanda kan daskare ƙam a lokacin hunturu har mutane su riƙa yawo a kansa. A watan Janairu matsakaicin sanyin garin kan kai wajen digiri 17 ko 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, da dare kuma yakan wuce 25. Masu nufar garin daga ƙasashenmu galibi iri biyu ne: ɗalibai da suka samu gurbi a jami'o'insa, irin su Cibiyar Fasaha ta Harbin da Jami'ar Likitanci ta Harbin, da kuma 'yan kasuwa da masu yawon buɗe ido da ke son ganin bikin ƙanƙara da ake buɗewa a hukumance ranar 5 ga Janairun kowace shekara. Ko wane ne daga cikinsu, abu na farko da ya kamata ya sani shi ne babu jirgin da ke tashi daga wani filin jirgin sama na Afirka kai tsaye zuwa Harbin. Mai tashi daga Kano ko Abuja ko Legas ko Yamai zai hau jirgi uku a ƙalla: ɗaya zuwa cibiyar kamfanin da ya zaɓa, ɗaya zuwa wani babban birnin ƙasar Sin, sannan na cikin gida zuwa filin jirgin sama na Taiping da ke Harbin. Yawancin masu saye kan ɓata lokacinsu wajen kwatanta farashin zango biyun farko, alhali zango na uku, mafi gajarta a cikinsu, shi ne ke gyara tafiyar ko ya lalata ta.

Kamfanonin da suka fi shiga lissafi su ne Ethiopian Airlines ta Addis Ababa, da Qatar Airways ta Doha, da EgyptAir ta Alƙahira, da Turkish Airlines ta Istanbul, sai Emirates ta Dubai ga wanda zai tashi daga Legas. Ethiopian ya fi kowa sabo da 'yan kasuwarmu, domin yana sauka Kano da Abuja da Legas da Yamai, kuma tsarin lokutansa ya dace da mai zuwa gabas: jiragensa kan bar Afirka ta Yamma da rana su isa Addis Ababa da dare, na ƙasar Sin kuma su tashi da tsakar dare, don haka jiran ba ya yin tsawo. Daga Addis Ababa zuwa Beijing tafiyar wajen sa'a 11 ce. Qatar Airways ya raba tafiyar kusan biyu daidai, wato kimanin sa'a 7 zuwa Doha da kimanin 8 daga can zuwa Beijing, abin da ya fi sauƙi ga tsoho ko mai ciwon baya, sai dai sau da yawa kuɗinsa ya ɗara na sauran. EgyptAir kan fito da farashi mai daɗi, amma ba kullum yake tashi zuwa kowane birnin ƙasar Sin ba, don haka a duba tsawon jiran Alƙahira da kyau kafin a biya. 

Tambayar da ta fi zaɓen kamfani nauyi ita ce ta wace ƙofa za a shiga ƙasar. Daga Beijing zuwa Harbin tafiyar sa'a 2 ce a jirgin sama, daga Shanghai kimanin 3, daga Guangzhou kuwa fiye da sa'a 4, domin mutum zai ratsa ƙasar ne tun daga kudancinta har zuwa arewacinta. Wakilan sayar da tikiti a garuruwanmu sun saba da Guangzhou, can ne kasuwar mutanenmu take, shi ya sa da ka ambaci ƙasar Sin sai su fara nuna maka ita. Ga wanda ke da harkar kaya a Guangzhou, shiga ta nan daidai ne, har ma yana da wata fa'ida da zan ambata a gaba. Amma ɗalibin da Harbin kaɗai ta kawo shi, idan ya bi ta Guangzhou ya ƙara wa kansa wajen sa'a biyu da rabi a sama, a kan tafiyar da dama ta kusa kwana guda cur. Beijing ce ƙofa mafi kusa, jiragen da ke tashi daga can zuwa Harbin suna da yawa a kowace rana, kuma idan jirgin sama ya gagara akwai jirgin ƙasa.

Sai dai Beijing tana da tarkonta. Filayen jirginta biyu ne: tsohon, wanda ake kira Capital, yana arewa maso gabashin birnin, sabon kuma, Daxing, wanda aka buɗe a watan Satumban 2019, yana can kudu, kuma tsakaninsu tafiya ce ta fiye da sa'a guda a mota ko da hanya ba cunkoso. A jikin tikiti alamar na farko PEK ce, ta biyu PKX, bambancin harafi kaɗan ne da ido kan iya tsallakewa. Ethiopian da Turkish suna sauka Capital, inda Air China ke da babbar cibiyarsa, kuma dukkansu uku 'yan ƙawance ɗaya ne na Star Alliance. Qatar Airways yana sauka Daxing, inda China Southern ke tashi. Wanda ya sauka a ɗaya ya sayi tikitin ci gaba daga ɗayan domin ya ga ya fi arha da 'yan kuɗi kaɗan, zai biya bambancin a kuɗin mota, ya kuma yi jigilar akwatuna cikin sanyi. Haka lamarin yake a Shanghai, mai filin Pudong da na Hongqiao, da Chengdu, mai Tianfu da Shuangliu.

Daga nan sai batun tikiti ɗaya ko tikiti biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Ana iya sayen tafiyar gaba ɗaya a lamba ɗaya, daga Abuja har Harbin, ko kuma a sayi na ƙasa da ƙasa daban, na cikin gida daban ta manhaja irin Trip.com. Hanya ta biyu kan fito da arha a ido, kuma tana ba mutum damar zaɓen sa'ar da yake so. Amma idan jirgin farko ya makara har na Harbin ya tashi ya bar ka, kamfanin cikin gida ba shi da alhakin komai a kanka, sabon tikiti za ka saya a farashin ranar. Idan lamba ɗaya ce, nauyin kamfani ne ya sa ka a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. Akwai kuma maganar awon kaya. Tikitin da ya taso daga Najeriya yawanci kan ba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, yayin da tikitin cikin gida na ƙasar Sin a aji na talakawa kilo 20 ne jimilla a manyan kamfanoni, masu rahusa irin Spring Airlines kuma kan ba da ƙasa da haka ko su ce a saya daban. Ɗalibin da ya ɗauko kilo 46, har da garin tuwo da yaji da kayan shekara, idan ya tsaya gaban ma'auni a Beijing da tikitin kilo 20, kuɗin rarar kayan zai iya cinye duk abin da ya yi tattali. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana. A tikiti ɗaya ma, a nemi wakilin ya nuna a rubuce cewa awon farko ya kai har zangon ƙarshe.

Ko da tikitin ɗaya ne, a filin da aka fara sauka cikin ƙasar ake wucewa gaban jami'an shige da fice, a ɗauki hoton yatsu, kuma a mafi yawan lokuta a ɗauki akwatuna a bi da su ta kwastan a sake miƙa su. Saboda haka tazarar sa'a biyu tsakanin sauka da tashi ganganci ne. Ni zan nemi sa'a 4 idan filin ɗaya ne, 6 ko fiye idan za a sauya fili, idan kuma tikitin biyu ne gara a kwana. Lokacin hunturu ya ƙara wa wannan lissafi nauyi, domin dusar ƙanƙara da wanke fikafikan jirgi daga daskarewa kan jawo jinkiri, kuma jirgin ƙarshe na dare shi ne mafi haɗari, tunda idan aka soke shi babu na bayansa sai gobe.

Jirgin ƙasa mai gudun gaske zaɓi ne na haƙiƙa, bai kamata a raina shi ba. Yana tashi daga tashar Chaoyang a Beijing ya isa Harbin cikin kimanin sa'a 5, ana fara sayar da tikitinsa a manhajar jirgin ƙasa ta 12306 tun kwana 15 kafin ranar tafiya, kuma fasfo ne ke zama tikitin a bakin ƙofa. Idan aka haɗa lokacin zuwa filin jirgi da bincike da jira da kuma tafiyar fiye da kilomita 30 daga Taiping zuwa tsakiyar gari, ratar da ke tsakaninsa da jirgin sama ba ta kai yadda ake zato ba, ga shi yanayi bai cika tsayar da shi ba. Aibinsa shi ne mai manyan akwatuna biyu shi zai yi ta jan abinsa daga fili zuwa tasha, bayan ya kwana a sama. Ya fi dacewa da wanda zai huta kwana ɗaya a Beijing kuma kayansa ba su da yawa.

Lokacin tafiya ma yana sauya farashi sosai. Daga ƙarshen Disamba, sa'ad da ake buɗe babban dandalin gine-ginen ƙanƙara, har tsakiyar Fabrairu, Harbin cike take da baƙi daga kudancin ƙasar, kuma tikitin cikin gida da ɗakin otal duk sukan hau. A kan wannan akwai zirga-zirgar sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, wadda ke ɗaukar kwana 40, tana farawa kwana 15 kafin ranar bikin. Ranar tana sauyawa kowace shekara domin lissafin wata ne: a 2025 ta faɗo 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Mai son ganin ƙanƙara da sauƙin kuɗi ya nufi makonnin da ke bayan hutun 1 ga Janairu kafin wannan turmutsutsun ya fara. Ɗalibin zangon Satumba bai da wannan damuwa, kuma zai tarar da garin da ɗumi-ɗumi, ya samu lokacin sayen kayan sanyi a natse.

Kayan sanyin nan suna da alaƙa da zaɓen hanya fiye da yadda ake tsammani. Rigar sanyin da muke sakawa da hunturun Kano ko Damagaram ba ta yin komai a Harbin, kuma wahala ce a samu ta gaske a kasuwanninmu. Nan fa'idar yada zango a Guangzhou ko Beijing take: mutum ya sayi babbar riga mai cike da gashin agwagwa, da takalmi mai ruɓi, da safar hannu da hula mai rufe kunne, kafin ya ƙarasa. Wanda zai wuce kai tsaye ya sa mafi kaurin abin da ya mallaka a jakar hannu, kada ya jefa shi cikin akwatin da zai iya makara. Wani lokaci jirgi kan tsaya nesa da gini a kwashi fasinja a bas, kuma 'yan mintocin nan tsakanin matakala da ƙofar bas sun isa su koya wa mutum abin da ake nufi da digiri 20 ƙasa da sifiri. Filin Taiping ya tanadi ɗakunan sauya tufafi kusa da wurin ɗaukar kaya saboda baƙi irin haka.

Sanyi na shanye batirin waya da sauri, don haka kowa kan so ya riƙe batirin ajiyar caji. A sani cewa tun daga 28 ga Yunin 2025 hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar Sin ta hana shiga jiragen cikin gida da wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar Sin, a jikinsa, kuma yawancin waɗanda muke saya a gida ba su da shi, sai a karɓe a wurin bincike. Sayen sabo bayan an sauka ya fi. Abincin halal a manyan kamfanonin da aka ambata na Habasha da Larabawa da Turkiyya ba abin damuwa ba ne sosai, amma a zangon cikin gida sai an nema tun kafin ranar tafiya, da alamar MOML. A cikin gari kuwa akwai gidajen abincin Musulmi masu alamar da ake karantawa "qingzhen", da tsohon masallaci a unguwar Daowai.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar biza tun daga gida, kuma katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. Hikima ita ce a riƙe wuri ko a sayi tikitin da ake iya sauya ranarsa har sai biza ta fito. Akwai jiragen da ke zuwa Harbin daga Seoul, kuma shafukan kwatanta farashi kan nuna wannan hanya, amma ta kan ƙara zango da wata ƙasa mai nata sharuɗɗan wucewa, don haka ba ta cika amfanar wanda ya taso daga yankinmu ba.

Game da sa'ar isa, agogon ƙasar Sin yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a 7, kuma da yake Harbin tana gabas sosai amma tana bin agogon Beijing, a watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma. Jirgin da zai sauka ƙarfe 11 na dare yana iya zama mafi arha a jerin, sai dai zai ajiye baƙo a lokacin da sanyi ya fi tsanani, ofishin ɗaliban waje na jami'a ya rufe, ga WhatsApp da Google ba sa aiki a layin ƙasar. Idan bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, a zaɓi wanda zai sauka kafin azahar, a kuma riƙe adireshin masauki a rubuce da harafin Sinanci a takarda domin nuna wa direban tasi. A dawowa kuma a juya lissafin: jirgin safe daga Harbin, ko ma na jajibirin ranar, domin idan ƙanƙara ta riƙe mutum a Taiping, jirgin Addis Ababa ko na Doha da ke tashi daga Beijing da tsakar dare ba zai jira shi ba.