Dattin da sabulu ba ya cirewa a fentin mota: me ya kamata ka saya?

Duk mai mota a Jidda ya san wannan, ka wanke ta tas amma in ka shafa sai ka ji kaushi kamar yashi. Sa hannunka cikin leda ka shafa bonet, za ka ji shi sosai. Kwalta ce da ƙurar birki da gishirin iskar Bahar Maliya, in kuma kana zirga-zirgar Makka ga kashin tantabaru, shi wannan in rana ta gasa shi har cin fenti yake.

Ni dai nawa yumɓu ne na musamman na goge fentin mota, wanda Larabawa ke kira salsal. Ka fara wanke motar, ka kai ta inuwa ta huce, ka yanki ɗan kaɗan ka murza shi ya yi faɗi, ka fesa ruwa mai sabulun mota sannan ka riƙa gogawa a hankali ba dannawa, da kanka za ka ji wurin ya koma sumul. In ya yi baƙi ka ninke shi. In ya faɗi ƙasa kuwa jefar da shi kawai, ya kwashi yashi, shi ya sa nake raba guda gida uku. Bayan ka gama a shafa wakis don yumɓun yana tafiya da tsohon.

Safar hannu mai roba da ke yin aikin yumɓun tana da sauri, amma ba ta shiga lungu. Ruwan cire ƙarfe, wato ƙurar birki, mai komawa shunayya yana aiki, sai wari da tsada. Kananzir kwalta kaɗai yake narkarwa.

Tina kuwa, wato ruwan tsinka fenti, don Allah kar ka bari a kusanto da ita. Wani yaro a magsala, wurin wankin mota, ya goga min ita a ƙofa, wurin ya dushe har yau, sai folish ya ɗan rufa asiri.

Sai jabu, nan ne abin ke min ciwo. Na taɓa sayen wani mai arha a gefen titi, ba suna ba kwali, ashe yumɓun wasan yara ne, yana jin ruwa ya narke ya bar min shuɗi a farar mota, sai da na wuni ina wanki. Na gaske yana miƙewa kamar cingam, ba ya zuba kala a hannu, ba ya dagargajewa. Nemi na Meguiar's ko Sonax a babban shago, ka karɓi rasit, kuma ka fara gwadawa a ƙasan ƙofa inda ido ba ya kaiwa.