Shagon hayar kayan kiɗa a Ƙofar Marusa

Rabin kayan shagon nan asalinsu na wasu samari ne 'yan makaranta da suka taɓa haɗa ƙungiyar kiɗan punk a Katsina. Salo ne da ya taso a Amurka da Ingila a tsakiyar shekarun 1970: waƙa gajera, gudu, jita na ihu. Yaran sun ɗan yi tashe, ana kiransu wasa a makarantu, sai rabon kuɗi ya shiga tsakani, mai ganga kuma ya tafi bautar ƙasa. Mai shago ya saye kayan da araha.

Na karɓi lasifika biyu da amfilifaya don walimar ƙanena. Sauti kam ba a magana, har bayan layi ana ji. Amma an saita su ne don hayaniya, da malam ya fara nasiha sai muryarsa ta riƙa tsagewa. Maɓallin ƙara murya ma da salatif aka ɗaure shi.

Da na yi ƙorafi, mai shagon ya ce, "Yallaɓai, yi haƙuri," ya turo yaronsa da wata makirfon, bai ƙara ko sisi ba. Janareta dai ka tanadi naka, nasa ba ya ɗaukar kayan.